A Hannun Wa Yake Kwana? Tarihin Saukar Yaran Waje Masu Jinya

A cikin baƙin da ake saukewa a gida, babu mai nauyi kamar yaro marar lafiya wanda uwarsa ba ta kusa. Babba in ya sauka gidanka zai faɗi abin da yake so da bakinsa, ya san alƙibla, ya kuma san ranar tafiyarsa. Yaro ɗan shekara huɗu da aka sauko da shi daga jirgi, da 'yar jakarsa da takardun likita, bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ba ya jin harshenka, ba ka jin nasa, ga shi nan da mako guda za a shiga da shi ɗakin tiyata, kuma kai ne za ka zauna a bakin ƙofa a madadin iyayen da ba ka taɓa gani ba.

Ina gabatar da shirin kiwon lafiya a wani gidan rediyo a Damagaram. Duk ranar da muka taɓo zancen yaran da ake kaiwa ƙasashen waje a yi musu aiki, tambaya biyu ce ke dawowa daga bakin iyaye mata. Ta farko: in an kai shi can, a hannun wa yake kwana? Ta biyu: wa ke yi masa addu'a? Tambayoyin nan suna da tarihi na shekara tamanin da ɗoriya, kuma ya kamata a san shi, domin da daɗinsa da ɗacinsa duk sun taɓo mu.

Tushen abin yana Suwizalan. A Yaƙin Duniya na Biyu ƙasar ba ta shiga faɗa ba, sai ya zama tana da madara da burodi a lokacin da yaran maƙwabtanta ke ramewa. Daga 1940 ƙungiyoyin sa-kai suka fara kawo yara daga Faransa da Beljiyam a jirgin ƙasa, daga 1942 kuma aikin ya koma ƙarƙashin Red Cross ta ƙasar. Ana raba yaran gida-gida, su yi wata uku suna ci suna murmurewa, sannan a mayar da su wurin iyayensu. Kafin a kai 1950 yaran da suka zo ta wannan hanya sun haura 150,000. Ƙa'idar da aka kafa tun a nan ita ce ginshiƙin al'amarin har yau: yaro baƙo ne, yana da ranar komawa. Amma tun a nan ma aka ga tabon farko, domin hukumomi sun toshe wa yaran Yahudawa da yawa hanyar shiga waɗannan jirage, alhali su ne mutuwa ta fi kusa da su. Wane ne ke zaɓen yaron da za a taimaka, wane ne ake bari a baya, tambaya ce da ba ta taɓa barin wannan aiki ba.

Waɗancan yara yunwa ce ta kawo su. Zuwan baƙo domin tiyata kuwa ya yi suna ne a 1955, lokacin da 'yan mata 25 daga Hiroshima suka sauka a New York. Suna 'yan makaranta bam ɗin nukiliya ya faɗa wa garinsu ranar 6 ga Agusta 1945, ya ƙone musu fuska da hannuwa. Wani fasto na garin, Kiyoshi Tanimoto, shi ya riƙa tara su a cocinsa, shi da ɗan jaridar Amurka Norman Cousins suka nemo kuɗi da likitoci. Asibitin Mount Sinai ya yi aikin kyauta. Masaukinsu kuwa iyalan wata ɗariƙar Kirista ce da ake kira Quaker, waɗanda suka shahara da ƙin yaƙi. Sun raba 'yan matan a gidajensu fiye da shekara guda, ana kai su asibiti ana dawo da su. An yi musu aiki sau 138. Ɗaya daga cikinsu ta rasu a can. Ku lura da wanda ya sauki wa: mutanen ƙasar da ta jefa bam ɗin su ne suka shimfiɗa gado, suka koyi dafa shinkafa yadda baƙinsu ke so. Likitocin Japan kuma sun biyo 'yan matan domin su koyi aikin su koma da shi gida, kuma wannan dabara za ta sake bayyana a ƙarshen labarinmu.

Mutumin da ya haɗa wannan tarihi da ƙasarmu shi ne Edmond Kaiser. An haife shi a Paris a 1914, ya zauna a Lozan ta Suwizalan, kuma ya taɓa rasa ƙaramin ɗansa ta hanyar haɗari. A 1960, ana tsakiyar yaƙin neman 'yancin Aljeriya, ya kafa ƙungiyar Terre des hommes, ya fara da kawo yaran Aljeriya a kula da su. Daga baya aka kawo na Biyetnam da wasu ƙasashe. A 1970 ƙungiyar ta buɗe gida na musamman a ƙauyen Massongex, inda yara masu jiran tiyata da waɗanda aka sallamo suke zama tare. Gidan yana aiki har yanzu, kuma yaran Afirka ta Yamma suna da yawa a cikinsa. Daga nan hanya ta rabu biyu: ko a sauke yaro a gidan iyali guda, ko a tara shi da 'yan uwansa a gida ɗaya. Kowace da amfaninta. A gidan iyali yana samun cinyar da zai kwanta a kai. A gidan taro yana samun wanda zai yi hira da shi da harshen uwarsa, kuma ranar rabuwa ba ta yi masa zafi sosai.

Shekarun nan sun koyar da darasi mai tsada game da komawa gida. A yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970, an kwashe yara kusan 5,000 daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kodebuwa da tsibirin Sao Tome saboda tamowa. Da yaƙi ya ƙare gwamnatin Najeriya ta tsaya a kan sai an dawo da su, kuma da taimakon hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya aka yi jigilarsu daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1971. Neman iyayen kowane yaro ya zama aiki mai wuya, domin wasu an ɗauke su suna ƙanana ƙwarai. Amma dai an nemi iyayen. A Biyetnam kuwa, a watan Afrilun 1975, an kwashe yara fiye da 3,000 cikin gaggawa aka ba iyalai a Amurka da wasu ƙasashe su zama 'ya'yansu. Jirgin farko ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, mutum 138 suka mutu, 78 daga ciki yara ne. Daga baya ta bayyana cewa wasu yaran ba marayu ba ne, iyayensu suna raye. Bambancin labaran nan biyu shi ne bambancin riƙo da ɗauka.

A 1980 Kaiser ya sake kafa wata ƙungiya mai suna Sentinelles, ita ce a 1992 ta buɗe aikinta a nan Damagaram kan ciwon noma. Sunan ya kan rikita mai sauraro, don haka kullum sai na fayyace a shiri: ba shi da alaƙa da noman gona, kalmar Girkanci ce da ke nufin abin da ke ci yana yaɗuwa. A ƙauyuka da yawa ciwon iska ake ce masa, shi ya sa ake fara kai yaro wurin boka har lokaci ya ƙure. Yakan kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, galibi waɗanda tamowa ta raunana, bayan baƙon dauro ko zazzaɓin cizon sauro. Da dasashi yake farawa: ya kumbura, ya yi jini, baki ya yi wari. Cikin kwanaki kaɗan kunci ya kumbura ya yi baƙi, naman ya mutu ya zube. In ba a yi magani ba, tara cikin goma na iya mutuwa. A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 140,000 ne ke kamuwa a shekara. Abin takaicin shi ne, in an kama shi tun yana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Turai ma ta yi fama da shi a zamanin talaucinta, ya ɓace da cikin yaranta ya cika, sannan ya sake ɓullowa a sansanonin 'yan Nazi inda aka horar da mutane da yunwa.

Yaron da ya tsira yakan rayu da rami a fuska, wani kuma muƙamuƙinsa ya ƙage, ba ya iya buɗe baki ya ci. Gyaran mai tsanani yana buƙatar a yanko fata da tsoka daga bayan yaron, a dasa a fuska, a ɗinke jijiyoyin jini ƙanana kamar zare a ƙarƙashin madubin likita. Ba a yin sa a zama ɗaya. Wannan ne ya sa yara daga ƙauyukan Damagaram suka riƙa tafiya Jeniba, inda likita Denys Montandon da abokan aikinsa suka ƙware a kansa, su yi watanni kafin su dawo.

Hanya ta biyu da yaranmu ke bi ita ce ta ciwon zuciya, ko wanda aka haifa da huji a zuciya, ko wanda ciwon maƙogwaro da ba a yi wa magani ba ya lalata masa ƙofofin zuciya. A Faransa likita Alain Deloche ya kafa La Chaîne de l'Espoir, wadda ta tsaya da ƙafafunta a 1994. A 1996 Francine Leca, mace ta farko da ta zama likitar tiyatar zuciya a ƙasar, ta kafa Mécénat Chirurgie Cardiaque. Tsarinsu ya dogara ne kacokan kan masu masauki. Likitan gida ya aika takardun yaro, a duba a ga ko aikin zai yiwu. Iyaye su sa hannu. Ɗan sa-kai na ƙungiyar Aviation Sans Frontières, wadda aka kafa a 1980, ya riƙe hannun yaron a jirgi, ya miƙa shi ga iyalin da ke jira a filin jirgi. Iyalin ba a biyansu ko sisi. Su ne kai wa asibiti, su ne kwana a gefen gado, su ne ba da magani a kan lokaci, har kimanin wata biyu. Ƙungiyar Leca ta daɗe tana cewa kuɗin ceton yaro guda ya kai yuro 12,000, wato kusan miliyan 8 na sefa. Kuɗin tikiti da masaukin uwa na iya zama wani ɓangare na kuɗin aikin wani yaro, shi ya sa galibi uwa ba ta bi. Akwai masu wani tsari daban: shirin Saudiyya na raba tagwayen da aka haifa a manne, wanda likita Abdullah al-Rabeeah ke jagoranta tun 1990, yana ɗaukar iyaye tare da 'ya'yansu, kamar yadda aka yi wa tagwayen Kano da aka raba a Riyad a 2024.

Yanzu ga tambaya ta biyu, ta addu'a. Wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Mirriya ta taɓa zuwa tasharmu da kundin hotuna, ta ce in karanta mata rubutun Faransanci da ke ƙarƙashin kowane hoto. 'Yarta ta yi watanni a Turai. Matar da ta riƙe ta ta rubuta cewa ba ta taɓa ba ta naman alade ba, kuma zanen da uwar ta sa a jakar yarinyar ba ta wanke shi ba har ta tafi, saboda da shi take rufe fuska in za ta yi barci. Ta kuma rubuta cewa daren da aka shiga da yarinyar tiyata ta je coci ta kunna kyandir, an kuma ambaci sunanta a addu'ar ranar Lahadi, tana fatan uwar ba za ta ji haushi ba. Da na gama karantawa uwar ta yi shiru, sannan ta ce: “Malam, ni ma duk Juma'a sai na yi sadakar fura, kuma ban taɓa ɗaga hannu ban sa matar nan a ciki ba, ko da yake ban san sunanta ba sai yau.”

Da na kawo zancen a shiri, masu sauraro sun rabu. Wasu suka ce alheri danƙo ne, wanda ya kwana a kan ɗanka ai ya gama maka komai. Wasu suka ce tsoronsu shi ne yaro ya tafi da Bisimilla ya dawo ba shi da ita. Ban ga laifin ko ɗaya ba, domin kowanne yana da hujja a tarihi. Musulmin farko da suka yi hijira zuwa Habasha a hannun sarki Kirista suka sami mafaka, bai kuma tilasta musu barin addininsu ba. A ɗaya gefen kuma duniya ta ga yaran da aka raba da sunansu da harshensu da sunan taimako. Abin da na fahimta shi ne, yi wa yaro addu'a daban, sauya masa addu'arsa daban. Na farko haƙƙin baƙo ne a kan mai masauki, kowa da yadda ya san Ubangijinsa. Na biyu cin amana ne, ko da an yi shi da murmushi. Musulunci ya hana a raba ɗan riƙo da sunan mahaifinsa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ma ta ambaci kafala da sunanta, ta kuma ce a kula da addinin yaro da al'adarsa da harshensa in zai zauna a hannun wasu.

Ko an kiyaye duk wannan, komawa gida tana da nata ciwo. Yaro ɗan shekara uku in ya yi wata shida a waje yakan dawo Hausarsa ta gudu, ya ga tuwo ya kau da kai, ya ga uwarsa ya ɓuya a bayan wanda ya rako shi. Makonni kaɗan yakan warware, amma uwar ba ta manta ranar. Wanda aka sa wa ƙofar zuciya ta ƙarfe zai sha maganin tsinka jini har ƙarshen ransa, da awon jini a kai a kai, a ƙauyen da ke nesa da ɗakin awo. Can kuma an bar wata mata da gado babu kowa, ba ta da ikon cewa a bar mata shi. Akwai kuma wanda ba ya dawowa, sai dai labari ya zo, mai masauki ya shiga neman limamin da zai yi masa sutura.

Abin da ya faru a Chadi ya nuna inda wannan aiki ke kaiwa in aka cire ƙa'idar komawa. A watan Oktoban 2007 aka kama 'yan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé a Abeshe, suna shirin tashi da yara 103. Sun ce marayun Darfur ne masu buƙatar magani, har an naɗa wa wasu bandeji alhali lafiyarsu ƙalau. Bincike ya nuna yawancinsu 'yan Chadi ne kuma suna da uwa ko uba a raye, an ce wa iyayen makaranta za a sa su. A Faransa kuwa iyalai sun biya kuɗi suna jira a filin jirgi. Kotun Injamena ta yanke wa mutum shida hukuncin shekara takwas da aiki mai tsanani, Shugaba Idriss Déby ya yi musu afuwa a watan Maris na 2008. Ɓarnar ta wuce kan waɗannan yara, domin ta sa uwayen yankinmu zargin har masu aikin gaskiya.

Mafi alherin abin da tarihin nan ya haifar shi ne dabarar likitocin Japan na 1955: a kawo aikin inda yaron yake. A 1999 aka buɗe asibitin yara masu ciwon noma a Sakkwato. A 2007 ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe cibiyar Salam a Kartum, wadda ta yi wa mutanen ƙasashe da dama tiyatar zuciya kyauta. Asibitin yara na CURE ya buɗe a Yamai a 2010. La Chaîne de l'Espoir ta taimaka aka kafa cibiyoyin tiyatar zuciyar yara a Dakar a 2017 da Bamako a 2018. Tawagogin likitoci suna zuwa Yamai su yi wa masu noma aiki tare da likitocinmu. Ranar 15 ga Disamba 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bayan buƙatar da Najeriya ta gabatar a madadin ƙasashe 32. Siyasa ma ta nuna mana hikimar hakan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Air France ta dakatar da zuwa Yamai, ofishin jakadancin Faransa ya rufe a farkon 2024, iyakarmu da Najeriya ta yi watanni a garƙame. Zuciyar yaro mai huji ba ta jiran a sasanta.

In asibiti ya matso kusa, nauyin masauki ya dawo kanmu ke nan. Dama ba baƙon abu ba ne. Tun 1950 asibitin Galmi ke karɓar marasa lafiya daga ƙetaren iyaka, kamar yadda mutanenmu ke zuwa asibitin ido na Kano da aka kafa a 1943. Kakanninmu suna da fatoma a kowane zango, daga nan har Kumasi, mai sauke baƙo ya tsare masa kayansa ya mayar masa da su cif ranar tafiya. Amma duk wanda ya bi ta ƙofar babban asibiti da dare a garuruwanmu ya ga mata kwance a kan kwali da yara a gefensu, wasu daga Chadi, wasu daga Najeriya, wasu daga daji mai nisa, ba sa jin Hausa, guzurinsu ya ƙare, ga alƙawarin likita sai bayan kwana goma. Muna cewa baƙonka annabinka, muna cewa ɗa na kowa ne. Tsohuwar da ta riƙe 'yar Mirriya ba ta san waɗannan karin magana ba, amma ta yi aiki da su. Ɗaki guda a zaure, kwanon tuwo da dare, wanda zai yi tafinta a gaban likita, da ambaton sunan yaron bayan sallar asuba, ba su fi ƙarfin unguwa ɗaya ba. Sharaɗin dai shi ne wanda tarihi ya koyar: a riƙe shi kamar naka, a sallame shi a matsayin ɗan uwarsa, da sunansa da harshensa da addininsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, ya saka wa masu jinyarsu da alheri duk inda suke.